Gidaje Uku a Bayan Damari

Tun da Malam Muttaka ya cire hularsa ya fara zuba 'yan guntayen takardu masu sunayen ƙauyuka a ciki, Gide ya daina ɗinki. Bai san dalili ba. Ya dai ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya bar rigar da yake wa aiki a ƙarƙashin allura, jikinsa na gaya masa cewa abin da zai fito daga hular nan ba alheri ba ne.

"Sa hannu, Gide," in ji Malam Muttaka. "Kai za ka zaro mana. Hannunka bai san boko ba, ba ya son kai."

Najiba, 'yar Gide ta fari, ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin tattalin arziki, kuma ita ce ta farko a zuriyarsu da ta kai nan. Abin da ya rage mata shi ne aikin bincike a kan yadda rashin tsaro ya taɓa noma da cinikin hatsi a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Malaminta ya ce lambobi yake so, ba labari ba: manoma sittin, ashirin daga ƙauye guda a kowace ƙaramar hukuma. A aji an koya mata hanyar zaɓen waɗanda za a tambaya, amma ba ta zauna mata ba sai a zauren nan, a bakin maƙwabcinsu da katanga ɗaya ta raba su. Malam Muttaka tsohon malamin gona ne, ya yi shekara talatin yana yawo a kan babur yana auna gonaki da ƙirga dammunan hatsi kafin ya yi ritaya. Allah bai ba shi haihuwa ba. Najiba kuwa tun tana rarrafe a tsakar gidansa take wuni.

Gide ya zaro ta farko: 'Yargoje. Ta biyu: wani ƙauye dab da Faskari. Ta uku ya miƙa wa Najiba, ta warware, dariyar ta ɗauke. Wani ƙauye ne a bayan Damari, inda ɓarayin daji suka fi ɓarna.

"A maida ta," in ji Gide. "In sake zarowa."

"Ba a maidawa."

"Malam, wa ya gani? Mu ukku ne nan."

Malam Muttaka ya kakkaɓe hular ya mayar kansa. "In ka je sayen masara kasuwa, ta bakin buhu kake dubawa?"

"A'a."

"Don mi?"

"Mai kyau ake ɗorawa sama."

"To shi ya sa ɗan hatsi ke soka ƙarfe sama da tsakiya da gindi. In muka zaɓi garuruwan da ke da daɗin zuwa, bakin buhu muka duba. Sai yarinya ta rubuta cewa kowa lahiya lau yake noma, alhali inda abin ya fi ci ba mu taka ba."

"Ga 'yan gudun hijira nan cike da gari, ta tambaye su mana. Ko ku zauna nan ku cike takardun, wa ya kai ka sanin abin da manomi zai ce?"

"Baba," in ji Najiba a hankali, "wannan ha'inci ne."

Gide ya taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke.

'Yargoje da na Faskari sun yiwu cikin mako biyu. Ranar kasuwa Najiba da Malam suke fita da hantsi, su dawo kafin la'asar, Gide kuwa ya wuni yana leƙa titi, tsinin almakashi na cin yatsansa bai sani ba. Najiba takan dawo da labari: yadda Malam ke farawa daga masallacin gari, ya ƙirga gidaje, kowane na biyar ya yi masa alama da alli a jikin ƙofa, shi za a shiga ko da mai gidan kurma ne. Haka aka koya masu a zamaninsu, haka kuma littafinta ya ce.

Wata ranar Litinin Gide ya ɗauki takardar tambayoyin guda. Karatunsa iyakarsa firamare, sai da ya bi da yatsa. Buhu nawa ka noma bara? Nawa bana? Shanu nawa gare ka? Wace kasuwa kake kai kaya, wace rana, ta wace hanya?

Ya tashi da takardar a hannu, ya tarar da Malam Muttaka a ƙofar gida yana gyara wa tumakinsa harawa.

"Malam, ka karanta wannan kuwa? Yau wa ke tambayar mutum shanu nawa gare shi in ba mai kai wa ɓarayin daji rahoto ba? Ni da ke zaune cikin gari, in baƙo ya tambaye ni haka, kururuwa zan yi."

"An san ni a ƙasar Damari. Ni na fara kai masu irin masara mai saurin nuna."

"Yaushe? Waɗanda suka san ka rabi sun mutu, rabi sun gudu."

"Saura ashirin kaɗai, Gide. In babu su, aikin ƙafa biyu gare shi, ba ya tsayuwa."

"To ya faɗi! Digirin ma ya faɗi. In lissafinka kake son ya cika, ga hanya nan, kai ka tafi. Ɗiyata ba ta zuwa." Ya juya zai wuce, sai bakinsa ya ƙara abin da bai shirya ba. "Da kai ka haife ta, da ba ka ce haka ba."

Malam Muttaka ya tsaya da harawar a hannu. Tunkiya ta miƙo wuya tana ja, bai hana ta ba. Can ya ce, "Gaskiyarka," ya shige gida.

Ranar Laraba Najiba ta nemi takardun ashirin da suka rage ta rasa. Hajiya Suwaibatu, matar Malam, ta ce ai tun bayan asuba ya fita da su a leda, ya ce mata zai kwana ɗaya. Alhamis ta wuce. Wayarsa ba ta shiga, dama can yankin babu sabis. Gide ya je tasha sau huɗu yana tambayar direbobi, kowa ya ce bai gan shi ba.

Sai ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci wata motar hatsi ta sauke shi a bakin layi. Yana ɗingishi, gilashinsa ido ɗaya ya fashe, wuyan hannayensa duk sun kumbura da sawun igiya. Ledar tana ɗaure a cikinsa ta ƙarƙashin riga. Gide ya tare shi ya riƙe masa kafaɗa har zaure.

"Mi ya faru, Malam?"

"Abin da ka faɗa." Ya zauna da ƙyar. "Na fara daga masallaci, ina sa alli. Gida na ukku ban kai ba samarin da ke gadin gari suka rufe ni. Suka ce alama nake wa ɓarayi. Suka karanta takardar, ka ga kuwa ta ƙara masu hujja. Suka ɗaure ni a gindin turken awon hatsi, cikin rana, tun hantsi har bayan azahar."

"Sun buge ka?"

"Yara ne, Gide. Sati biyu kafin nan aka kwashe masu mutum tara." Ya yi tari, ya dafe haƙarƙari. "Wani tsoho makaho ne ya ji muryata ya ce, wannan ba Muttaka mai babur ba ne? Sai ga kuka, sai ga fura, sai ga ban haƙuri. Washegari su da kansu suka riƙa ƙirga mani gidajen." Ya kwance ledar ya miƙa wa Najiba da ke durƙushe tana hawaye. "Sha bakwai na cike. Gida ukku babu kowa."

Asibiti suka ce jininsa ya hau sosai, suka ba da magani suka ce ya huta. Bai ƙara fitowa ƙofar gida ba. Numfashi ya riƙa yi masa wuya, abinci sai kunu cokali biyu. Duk da haka ranar Lahadi ya sa aka kira Najiba da kwamfutarta, ta zauna a bakin katifa. Gide na tsaye a ƙofar ɗaki, ya kasa shiga ya kasa tafiya.

"Baba Malam, ukkun nan," in ji ta, "in sa masu matsakaicin lambobin sauran? Akwai inda littafi ya yarda da haka."

"Littafin bai ga gidajen ba. Ɗaya tukunya na kan murhu, tuwon ya bushe a ciki. Matsakaicin mi za ki ba shi? Ki bar gurbin, ki rubuta a ƙasa: an je, ba a same su ba. Maƙwabta sun ba ni sunayensu, suna bayan takarda." Ya huta. "In malamin naki ya yi faɗa, ki ce ya zo ya cike da kanshi."

Da ta fita, Gide ya tsuguna. Tun Juma'a yake tauna maganar, da ya buɗe baki sai ta watse.

"Malam, abin da na ce ranar nan..."

"Wanne? Kai da ba ka rufe baki." Ya yi ɗan murmushi, idonsa a rufe. "Aljihun rigata ya yage wajen ja-in-ja. Ka ɗinke mani, kada ka sa baƙin zare kamar wancan karon."

Gide ya ɗauki rigar. Ranar Talata da hantsi yana cikin ɗinkin, da farin zare, ya ji salatin Hajiya Suwaibatu ta bayan katanga. Ya ɗaga ƙafa, keken ya ci gaba da juyawa shi kaɗai kafin ya tsaya.

An kai shi bayan azahar. A hanyar dawowa daga maƙabarta wani ya ce hawan jini ne, dama ya daɗe da shi. Wanda ya yi masa wanka kuwa ya ja Gide gefe ya ce gefen ƙirjinsa na hagu baƙi ƙirin yake. Daga ƙauyen ma an turo mutum huɗu ta'aziyya da buhun masara, suka zauna a ƙarshen tabarma, babu wanda ya iya ɗaga kai.

Bayan addu'ar bakwai Najiba ta dawo zaure da aikinta, don nan ne wutar sola take. Gide ya leƙa ta kafaɗarta. Layuka ne jere, kowanne cike da lambobi, har ƙasa inda uku suke fari fat.

"Su ke nan?"

"Su ne, Baba. Yahuza, da Abdulgafar, da wata Shafa'atu mai gonar gyaɗa."

Ya koma kan keke. Rigar na ninke a gefe, aljihun ya ɗinku, ya rasa yadda zai yi ya miƙa wa Hajiya. A cikin ɗan akwatin zare kuma guntuwar takarda ta ukun nan da hannunsa ya zaro tana nan, bai san lokacin da ya adana ta ba.

Har yau Gide bai sani ba ko jinin ne ko dukan, bai kuma sani ba ko Malam dama zai tafi ko da bai faɗi abin da ya faɗa ba. Mutum ukun nan su ma babu wanda ya san inda suke.