Ɓerayen Masar na Gwaggo 'Yardada

A gidan Baba Ɗalha da ke Zaitawa, da zarar Gwaggo 'Yardada ta ja ƙyauren ɗakinta da safe, sai ɓerayen Masar ɗinta su ɗauki fito, wit-wit-wit, har a ji daga soro. Ita ce yayar maigidan. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma tun da yanar ido ta rufe mata gani, ba ta da abin da take yi da ya wuce carbi da kiwon 'yan dabbobin nan. Tana ganin haske da inuwa, amma fuskar mutum sai dai ta gane shi da murya.

Ikram, matar Jibrin ɗan Baba Ɗalha, nas ce a wani asibitin sha-ka-tafi. Shekarunta na farko a gidan ba ta ɗauki kiwon da wani muhimmanci ba. A wurinta ɓera ɓera ne, ko na Masar ko na rumbu. Abin da ya kan tsayar da ita kawai shi ne yadda tsohuwar take sa hannu cikin garken ta ɗauko wanda ta ga dama, ta kira sunansa ba kuskure. Akwai Magajiya, babbarsu, mai nauyi da kaurin wuya. Akwai Alawa mai ja da fari, da Toka, da wasu ƙanana da Ikram ba ta taɓa riƙe sunayensu ba.

A shekarar da ƙanin Jibrin zai yi aure, aka rasa inda za a yi masa ɗaki sai kusurwar tsakar gida, inda garken yake. Magina suka zo suka rushe 'yar katangar, aka kwashe ɓerayen aka zuba a wani akwatin katako, aka jingina shi a bayan madafi. Gwaggo ta haƙura, don ta san gidan gado kullum cikin matsewa yake. Ga shi kuma rani ya yi nisa, mutumin da yake kawo mata ɗanyar ciyawa daga bayan gari ya daina zuwa. Aka koma ba su dusa da ragowar tuwo.

Ba a daɗe ba gashinsu ya fara tafiya. Alawa ce ta fara, gadon bayanta ya yi fili kamar an ɗora tafin hannu. Sai ƙananan suka biyo baya, wannan a ƙugu, wancan a ƙeya. Matan gida suka riƙa leƙa akwatin suna taɓe baki.

Wata ranar Juma'a Ikram tana tsefe wa 'yarta Ummi kai, sai ta ga wani zagayayyen tabo a bayan kunnen yarinyar, gashin wurin ya kakkarye. Ba ta buƙatar wani ya gaya mata, makero ne. Nan take ta zargi ɓerayen, don Ummi kullum tana gindin Gwaggo, tana rungumar dabbobin nan kamar 'yar tsana. Da Jibrin ya dawo daga masallaci ta nuna masa, shi kuma ya kai maganar wurin mahaifinsa.

Bayan la'asar Baba Ɗalha ya shigo tsakar gida, ya tsaya a bakin rumfar da yayarsa take zama.

"Yaya, abubuwan nan naki sun kamu da ƙazuwa, ga shi har ya taɓa yarinya. Gobe a kai su bayan gari a sake su."

"Wa ya ce maka ƙazuwa ce, Ɗalha?"

"Ai ga su nan duk sun ƙwaƙule. Mai ido ya gani."

"To, mai ido ya gani, ni mai hannu ban ji ba tukuna," in ji ta. "Ka ba ni kwana kaɗan. In cuta ce mai kama mutum, da hannuna zan miƙa maka su. Kafin nan a hana Ummi zuwa wurin, wannan kam gaskiya ne."

Baba Ɗalha bai ja maganar ba. Ita ta goye shi, bai iya musu da ita mai tsawo ba. Ya ce shi ke nan, ya fita.

Ikram tana ƙofar ɗakinta ta ji komai, kunya ta kama ta, don ta san tsohuwar ta san daga inda maganar ta fito. Ta zaci za a yi kwanaki ana amsa mata gaisuwa a daƙile. Amma washegari, da ta dawo daga aiki, sai ta ji an kira ta.

"'Yar nan, in kin huta zo ki ara mini idonki."

Ta tarar da Gwaggo a kan tabarma, akwatin a gabanta, ta shimfiɗa tsohon zane a cinya. Ta ɗauko Alawa ta kwantar, ta kama hannun Ikram ta ɗora a kan filin da ba gashi.

"Shafa ta nan, ki dawo da hannun baya. Me kika ji?"

"Kamar kan da aka yi wa aski ya fara tsirowa."

"Yauwa. Gashin da ya zube da kansa ba ya barin kututture. Wannan yanke shi aka yi. Yanzu duba mini fatar, akwai ja? Akwai ɓamɓaroki ko amosani?"

Ikram ta kai dabbar wurin haske ta duba da kyau, yadda take duba yara a asibiti. Fatar tas take, ba ƙurji ba ƙaiƙayi. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar tana lalube, ita tana dubawa. Gwaggo ba ta gaggawa. Kowanne ta ɗauka sai ta yi masa 'yar magana ƙasa-ƙasa, ta bar shi ya daina rawar jiki, sannan yatsunta su bi shi tun daga hanci har gindi. Ikram ta lura cewa ko a asibitinsu ba kowa ke taɓa majinyaci da irin wannan natsuwar ba.

Da suka zo kan Toka, Gwaggo ta ɗan tsaya.

"Wannan nata daban ne. Sauran a baya ne da ƙeya, inda bakinsu ba ya kaiwa. Ita kuwa a haƙarƙari ne da cinya. Ina jin ita take cizon kanta. Dalilin ne ban sani ba."

Magajiya ce ta ƙarshe. Gashinta cike, sai sheƙi take, ko sili ɗaya bai ɓata ba. Gwaggo ta jinjina ta a hannu ta yi murmushi.

"Gida duk an yi aski, mutum ɗaya ya tsira da sumarsa. To, wa ke riƙe da askar?"

Ba ta yarda ta yanke hukunci a kan zato ba. Ta ce sai sun kama ta a kai. Suka mayar da su akwati, suka yi shiru. Zafi ake yi sosai, Ikram tana ta fifita da gefen mayafi, tana tunanin girkin da ke jiranta. Tsohuwar kuwa ko motsi ba ta yi, ta karkata kai gefe guda tana saurare. Can ta ɗaga yatsa.

"Ji nan. Wannan ba taunar dusa ba ce."

Ikram ta leƙa a hankali. Magajiya ta matse Alawa a kusurwa, ta ɗora haɓa a bayanta, tana tsinke gashin da haƙoran gaba tana haɗiyewa. Alawa ta lafe, ba ta da inda za ta gudu.

"Wallahi Gwaggo ita ce! Ga ta nan tana ci!"

"Madalla. Amma wannan bai wanke su daga maganar Ummi ba. Hannuna ba ya ganin abin da ke cikin fata. Ke da kika san likitoci, ki kai su a duba mana, musamman Toka. In da cuta, gara mu sani."

Ranar da ba ta da aiki, Ikram ta sa Alawa da Toka a kwando, ta rufe da tsumma, ta tari adaidaita zuwa wurin wata likitar dabbobi. Likitar ta kankari fatar, ta tsinki gashi ta duba a madubinta na ganin ƙwayoyin cuta. Ta ce ba ta ga alamar makero ba, na Ummi mai yiwuwa daga wani wurin ta kwaso, ko makaranta ko wurin kitso. Na Alawa kuwa tauna ce, kuma dabbobin nan sukan yi wa juna haka idan wuri ya yi musu kaɗan, ko suka rasa ciyawar da za su yini suna tauna. Toka ce take da ƙwarƙwata, irin tasu ta dabbobi da ba ta zama a jikin mutum, ita ke sa ta cizon kanta. Ta ba da maganin ɗigawa a ƙeya, ta ce a yi wa dukkansu, a ƙone shimfiɗar akwatin, a kuma riƙa ba su ɗanyen ganye da tattasai.

Da Ikram ta kawo labari, Gwaggo ta tafa hannu.

"Ƙwarƙwata! Ka ji abin da ya fi ƙarfin yatsuna. Allah ya yi wa likitar nan albarka, ke ma haka."

Baba Ɗalha ya ji daɗi da aka ce ba cutar mutane ba ce, amma yana da nasa maganin.

"To ai magana ta ƙare, Yaya. Tunda an gano mai ɓarnar, a fitar da ita, sauran su huta."

"In ɓera da sata, daddawa ma da wari," in ji Gwaggo. "Shekara nawa tana tare da su ba ta taɓa gashin kowa ba? Mu muka cusa su a akwati, muka hana su ciyawa. Bakinta bai saba zama haka nan ba, ta ci abin da ta samu. Ba zan kore ta a kan abin da muka jawo ba."

"Ina kike da wurin da za ki sake su? Gidan ya cika."

"Ga rumfata."

Rumfar nan ita ce kaɗai inuwar da take da ita. Nan take sallar walaha, nan take karɓar baƙi, nan take kishingiɗa idan ɗaki ya ɗauki zafi. Jibrin ya ce ba zai yiwu ba, Baba Ɗalha ya ce a sake shawara. Ta ce ta riga ta gama tata shawarar, mutum ɗaya ba ya buƙatar fiye da faɗin tabarma.

Haka aka yi. Jibrin ya jera ragowar bulon da magina suka bari, ya kewaye fiye da rabin rumfar. Gwaggo ta sa aka raba wurin biyu da ragar waya, Magajiya a gefe guda, sauran a ɗayan, don ta ce idan aka raba ta da su gaba ɗaya kaɗaici zai kashe ta, gara tana jin warinsu tana jin kukansu. Ta sa aka kifa fasassun tukwane da bakinsu a buɗe, wanda aka matsa wa ya sami wurin shigewa. Ɗanyar ciyawa ba ta samuwa, sai ta aika aka sayo harawa a wurin masu sayar da abincin tumaki. Ita da kanta take zama ta tsince ƙaya da ƙasa daga ciki da lalube kafin ta zuba musu. Ikram ta ɗauki nauyin maganin, tana ɗiga wa kowanne, Gwaggo tana riƙe mata.

Ita kuwa tsohuwar ta koma bakin rumfar da tabarmarta, inda rana take cin ƙafafunta kafin azahar. Ikram ta sha fitowa ta gan ta ta naɗe ƙafa ta takure, carbi a hannu, tana sauraron ƙus-ƙus ɗin harawa a bayanta, fuskarta a sake. Ba ta taɓa jin ta yi mita ba. Rannan ta ɗauko wata tsohuwar tabarma ta ɗaura mata a jikin ginshiƙi don ta tare ranar.

Kafin ruwan farko ya sauka, bayan Alawa ya rufe da sabon gashi, gajere mai laushi. Toka ta daina susa ta yi ƙiba. Kan Ummi ma ya warke da maganin da uwarta take ba ta, aka sake barinta ta je wurinsu, da sharaɗin wanke hannu. Gwaggo ta gwada cire ragar. Kwanaki aka yi lafiya, sai wata safiya yatsunta suka sake jin kututture a ƙeyar ɗaya daga cikin ƙananan.

"Hali ya riga ya kama ta," ta gaya wa Ikram. "Mayar da ragar. Za mu sake gwadawa in damina ta zauna."

Ba ta yi fushi ba. Da yamma ma, da ta zo raba ganyen latas, Magajiya ta fara miƙa wa.

Wata ranar kasuwa Baba Ɗalha ya shigo da baƙar leda, ya ajiye a gefen tabarmar yayarsa, ya ce tattasai ne na miya, a ba matan gida. Gwaggo ta sa hannu ta lalubo, ta ji duk ƙanana ne da waɗanda suka ɗan motse, har da ɓawon kankana a ƙasa.

"Ɗalha, yaushe aka fara miya da ɓawon kankana a gidan nan?"

Ya yi gyaran murya, ya ce mai kayan marmari ne ya haɗa masa, shi bai duba ba. Bai tafi ba kuma. Ya tsaya riƙe da hannuwansa a baya, yana leƙen cikin rumfar.

"Wacce ce mai askin a cikinsu?"

Ikram, da take wanke-wanke a gefe, ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Gwaggo ta ɓantari ɓawon ta miƙa masa.

"Ta hagun. Tsuguna ka ba ta da kanka, ba ta cizo."