Hannun da Ba Ya Jin Cizo

Gidan mai gyaran takalma ne, shago a gaba, ɗakuna a baya, da ɗan tsakar gida inda ake shanya. Baba da Mama da Kaka ne a ciki, sai yarinyarsu da kowa ke kira Auta, duk da cewa ita kaɗai suka haifa. Abin da suka rasa shi ne mai tsaron tsakar gidan. A shanya kaya, a juya baya, sai a tarar an rage. Saboda haka da karyar maƙwabci ta haihu, Baba ya karɓo ɗan kwikwiyo guda. Kunnensa ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, sai Auta ta sa masa suna Kunnuwa.

Kunnuwa yana fitar da haƙora, duk abin da ya samu sai ya kai baki. Ya gwigwiyi ƙafar kujera, ya yaga gefen tabarma, ya kama zanen Mama tana shara. Ran da ya ciji Kaka a yatsa har jini ya fito, Baba ya daka tsawa.

"Kare na ɗauko ko almakashi? Ki ji ni da kyau, Auta. In aka koma makaranta yana nan yana cizon mutane, zan mai da shi inda na karɓo shi."

Kaka tana ɗaure yatsa da tsumma ta ce, "Ƙaiƙayin dasashi ne, ɗan nan. Kai ma da kana fitar da naka ai kafaɗata ta ji jiki."

"Inna, ni ban fitar miki da jini ba."

"Wa ya gaya maka?"

Auta ba ta yi dariya ba, don ta san Baba ba ya faɗin magana ya janye. Ta samo tsohon tawul, ta ƙulla shi, ta jiƙa da ruwan sanyi, ta ba Kunnuwa ya riƙa tauna. In haƙoransa suka taɓa hannunta sai ta ce "Wash!", ta janye, ta naɗe hannu, ta juya masa baya. Ba duka, ba zagi, wasa kawai take tsayarwa. Ta koya wa Mama, ta koya wa Kaka. Kunnuwa ya fara ganewa, har yakan buɗe baki sai ya fasa, ya lashi hannun.

Amma da safe ne kawai. Da rana yakan shige shago ya kwanta ƙarƙashin teburin Baba, in ya fito da yamma kuwa sai cizo ya dawo sabo, har ya fi na da.

"Wai kai wane irin kai gare ka?" Auta ta ce masa, ranta a ɓace. "Ka koya da safe, ka zubar da yamma? So kake a rabu da kai?"

Kunnuwa ya karkata kai, ya cafki ƙafarta.

Wata rana Mama ta aike ta shago da shayin Baba. Tana ɗaga labule ta tsaya cik. Baba na zaune da takalmi a cinya yana jiran gam ya bushe, hannunsa na hagu kuwa yana cikin bakin Kunnuwa. Kwikwiyon na gurnani yana jan babban yatsa, Baba na girgiza hannun yana dariya.

"Yauwa, jarumi! Ƙara kamawa! Haka ake so!"

Shekarun da ya yi yana fama da basilla da zare da gam sun mai da hannunsa kamar ƙasan takalmi. Ko gezau bai yi ba.

"Baba!" Saura kaɗan kofin ya suɓuce mata. "Ashe kai ne!"

"Ni ne me? Wasa muke yi. Ai ba ya min zafi."

"Kai ba ya yi maka zafi! Kaka fa? Ni ina can ina wahala tun safe, kai kana nan kana ce masa ya ƙara kamawa. Kuma kai ne ka ce za ka mai da shi! Wallahi Baba wannan ba adalci ba ne."

Ta dire kofin a kan tebur. Kaka ta ji hayaniya ta leƙo, ta dubi hannun da ke bakin kwikwiyo, ta ɗaga nata yatsan mai tsumma.

"Sannu, malamin cizo," ta ce. "Ashe makarantar taka a nan take."

Baba ya zare hannunsa a hankali, ya goge a wando. Sannan ya ce, "To yanzu me kike so in yi?"

"In ya kama ka, ka ce wash, ka janye, ka juya masa baya."

"In ce wash alhali ban ji komai ba? Ni da gemuna?"

"Kai da gemunka," in ji Kaka.

Ba a jima ba Kunnuwa ya sake cafkar yatsan. Baba ya yi gyaran murya, ya ce "Wash" can ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji shi a titi, ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Kunnuwa ya zauna yana kallon bayansa, ya yi ɗan kuka. Auta ta miƙa masa tawul, ya karɓa ya kwanta yana tauna.

Abin bai tafi nan take ba. Wani lokaci Baba yakan manta, sai ya ji Auta daga tsakar gida tana kiran "Baba!", ya yi sauri ya janye hannu. Amma ranar da aka koma makaranta, Kunnuwa ne ya raka ta har bakin ƙofa, kuma Baba bai sake ta da maganar mai da shi ba.

Auta ta gane cewa Kunnuwa ba taurin kai gare shi ba. Bai san bambancin hannun Baba da na Kaka ba, don haka sai kowa a gidan ya koya masa abu ɗaya kafin ya daina cizo.