Man da Ya Rage a Motar Umara

Umara direba ya rasu ranar Laraba da la'asar sakaliya, a gidansa na bakin kududdufi a cikin garin Haɗeja, 'yarsa Mairam na zaune daf da kansa. A waje motarsa na tsaye, tankinta a bushe ƙayau, mutanen da suka turo ta ko gumi ba su gama sharewa ba. Cikin bazara ne, a shekarun da Turawa ke ɗibar samari zuwa yaƙin duniya a ƙasar Bama, lokacin da hukuma ke auna wa kowane mai mota fetur ɗinsa na wata.

Wanda ya tuƙo motar ran nan shi ne Haladu tela, maƙwabcinsa na jikin katanga. Da ƙuruciya ya yi wa Umara yaron mota, ya koyi tuƙi daidai gwargwado, daga baya ya ga ɗinki ya fi masa kwanciyar hankali. Amma bai daina ce masa maigida ba.

Umara Babarbare ne, iyayensa daga wajen Tafkin Chadi suka zo. Motar tsohuwa ce, ya saye ta a hannun wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, yana jigilar gyaɗa da ita zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, in kaka ta wuce ya koma ɗaukar busasshen kifi. Tun kafin yaƙi ya kawo ƙarancin mai, duk unguwa ta san yadda yake ririta fetur. Ba ya zuba shi sai da sanyin safiya, wai rana ɓarauniya ce, takan sha rabonta kafin mota ta sha nata. In ya juye garwa a tanki, sai ya kifa ta a kan mazurari ya tafi ya sha kokonsa, ya ba ɗigon ƙarshe lokacin sauka. Ba ya barin inji na ƙara a tsaye, ko da gaisuwa ce ta tsayar da shi. Kullum kuma yakan ajiye motar tana fuskantar ɗan gangaren da ya nufi kududdufi, domin a ganinsa tayar da ita ta murɗa hannun inji zubar da mai ne. Saboda haka in an sallame sallar asuba, mutane kan fito daga masallaci su dafa mata baya. Liman yakan ce unguwarsu jam'i biyu take yi da asuba, kuma na biyun ya fi cika sahu. Ana tsokanar Umara, ana turawa. Ba wanda bai taɓa ɗora buhu ko mara lafiya a bayanta kyauta ba.

Ciwon ya fara ne da kumburin ƙafa bayan an gama gyaɗa. Ranar Talata da yamma ya ce wa matarsa Yelwa yana son ya ga Mairam. Ita kuwa tana aure a Auyo, ga tsohon ciki, ba ta iya hawa jaki balle ta tako a wannan zafi. Man watan ya ƙare. Haladu ya je kantin da ake sayarwa, akawu ya ce sai jirgi ya kawo, kuma bai san ranar ba. Abin da ya rage shi ne na cikin tanki da ɗan abin da ke gindin wata garwa a ɗakin Umara.

Da gari ya waye Umara ya sa aka ɗauko shi a tabarma aka ajiye a zaure, inda zai ga komai. Haladu ya juye garwar, ya kifa ta, ya jira. Ya tsoma karan da ake awo da shi a tanki ya kawo wa Umara. Tsohon ya daɗe yana duban inda jiƙar ta tsaya.

"Zai kai ka ya dawo da kai," in ji shi, "in ka tafi da ita kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai."

"To, maigida."

"Kada ka ce mini to. Na san ƙafarka, ƙafar keken ɗinki ce, ba ta iya zama wuri ɗaya. In ka ga gangare, kashe ta. In ka shiga rairayi, kada ka yi faɗa da shi."

Mutanen asuba suka tura, motar ta yi tari ta kama.

Ya isa Auyo da hantsi, man da ta sha bai kai rabi ba. Sai dai mijin Mairam yana can fadama wajen albasarsa, dole aka aika a kira shi ya ba da izini. Haladu ya kai motar ƙarƙashin tsamiya, ya jiƙa buhu ya lulluɓe tankin, yadda aka koya masa tun yana saurayi. Ba su taso ba sai bayan azahar.

Mairam ta zauna a gaba, ta tallafe cikinta da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe ƙofa. Hanyar ta bi gefen fadamar da ta bushe ta tsattsage, motar na rarrafe a kai. Wani mai jaki ya jera da su har ya gaji da surutu ya ratse. Can Mairam ta juyo ta dubi Haladu.

"Yaya Haladu, iyakar gudunta ke nan?"

"Ta fi haka. Man ne bai fi haka ba."

Sun ci fiye da rabin hanya sai ga Garba, ƙanin Yelwa, a kan keke, rigarsa sharkaf da gumi. Bai ko sauka ba, ya juya ya bi gefen motar, ya ce tsohon ya daina karɓar ruwa, Yelwa ta ce su yi sauri.

Haladu ya san lissafin sarai. In ya ci gaba a haka, man zai kai su har ƙofar gida, amma sai wajen magariba. In ya taka, za su ci hanya, man kuma ba zai kai ba. Ya dubi Mairam. Ba kuka take yi ba, gaba kawai take kallo. Ya taka. Motar ta yi wata ƙara da ta shekara goma ba ta yi irinta ba, ta bar Garba a baya.

A ƙofar gari ta yamma ta yi tari sau biyu ta mutu. Mairam ta yunƙura za ta sauka, nauyin cikin ya hana ta. Haladu ya diro ya dafa ƙofa da kafaɗa, yana riƙe da sitiyari. Masu kifi da ke zaune a inuwar ganuwa suka gane motar, suka taso ba wanda ya kira su. Kafin a wuce kasuwa labari ya riga su isa unguwa, mutanen asuba suka fito, har da liman, ya naɗe hannun riga. Wannan karon hawa ne, ba gangare ba. Wani ya ce shekara da shekaru suna tura ta ta tafi, yau ga shi suna tura ta ta dawo. Aka yi 'yar dariya, aka ƙara ƙarfi.

Umara na nan a zaure, ya hana a mayar da shi ciki. Mairam ta durƙusa da ƙyar ta kama hannunsa ta ce, "Baba." Ya dube ta, ya dubi cikin, ya tambaye ta ko hanya ta wahalar da ita. Ta ce a'a. Ta ɗebo ruwa a ludayi, ya karɓi kurɓi ɗaya daga hannunta. Sannan idonsa ya nemo Haladu a bakin ƙofa.

"Ban ji inji ba."

"Ya ƙare a ƙofar yamma, maigida."

"Ka taka ta."

"Na taka."

Tsohon ya lumshe ido. Bakinsa ya ɗan motsa, kamar na mai shirin murmushi.

"Ƙafar tela," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Da ni ne ma..."

Bai ƙarasa ba. Liman ya matso ya fara laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa. Aka yi jana'izarsa kafin duhu ya shiga.

Har aka yi sadakar uku mutanen unguwa ba su daidaita a kan ƙarshen maganar ba. Wasu na cewa nufinsa shi ma da ya taka. Wasu na cewa wanda ya san Umara ya san da ya lallaɓo ta har gida, da saura a tanki. An tambayi Haladu, ya ce bai sani ba, ya ci gaba da taka kekensa.

Mairam na nan ba ta koma ba, haihuwa ko yau ko gobe. Mijinta ya aiko yana tambayar ranar da za a mayar da ita, jirgin fetur kuma bai iso Malam Madori ba. Da tsakar rana awakin unguwa sukan shige ƙarƙashin motar su kwanta a inuwa, suna tuƙa.