Tsirkiya Shida, Yatsa Ɗaya

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a tashar mota.

Ina tsaye da 'yar jitata a hannu. Ƙarama ce kamar jariri, amma tsirkiyarta shida. Wanda ya sayar min ya ce ubanta jita ne, uwarta ukulele, wata 'yar mitsitsiyar jita, shi ya sa ta ƙi girma. A ido biyu ma haka take. Kuma a ido biyu na shirya wa Lantana waƙa, 'yar maƙwabtanmu da za ta tafi karatun jinya. Ban taɓa ce mata komai ba bayan ina kwana. Waƙar ce za ta faɗi sauran, in na samu na kaɗa kafin ta tafi.

Ga ta a cikin bas, jikin taga. Tana ɓare gyaɗa, tana zubar da 'ya'yan, tana cin ɓawon.

Ɗan kamasho yana ihu: "A sauka, a sauka! Mota za ta tashi!"

Na ce, "Ba cika ake jira ta yi ba?"

"Kai baƙo ne? A nan sai kowa ya sauka, saura mutum ɗaya, sannan direba ya tayar."

Mutum ɗayan Lantana ce.

Na gyara jita zan fara. Sai yatsun hannuna na hagu suka sauka, suka hau bencin mai shayi. Na tsakiya ne shugaba.

"Mun shiga yajin aiki," in ji shi.

"Yau?"

"Kullum danna tsirkiya, duk mun yi kanta, ko man shafawa ba mu gani ba. Mai shayi, haɗa mana mai kauri."

Ɗan ali, yatsan nuni, shi kaɗai ya tsaya, ya ce shi bai shiga ƙungiya ba. Sai babban yatsa, wanda dama riƙo kawai ya iya.

Mutum biyu suka sauka daga bas.

Sai ga ni a cikin randa. Shago ne. Wani tsohon ƙadangare mai hula yana gyaran kayan kiɗa.

"Baba, yatsa ɗaya ya rage min, mutanen motar kuma sai raguwa suke."

"Wane ɗauri ne a jikinta?"

"Wanda na sayo ta da shi."

"Na masu yatsu ke nan. Tsirkiyoyin ba sa shiri, sai an danne wasu kafin bakinsu ya zo ɗaya. Kai buɗaɗɗen ɗauri kake so. Sassauta masu kaurin nan biyu na sama, da siririyar can ta ƙasa. Sassautawa na ce fa. Jitar taka ƙarama ce, dama a ɗame take."

Na murɗa. Na kaɗa duka shidan ban danna komai ba. Suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan aji in shugaban makaranta ya shigo.

"Yanzu kwantar da yatsan a kansu duka. Ka ja shi gaba, ka dawo da shi baya. Kiɗa ke nan."

Ya gyaɗa kai. A garin, gyaɗa kai na nufin ba a gama magana ba. Ban tsaya ba.

Tasha. Na kwantar da ɗan ali, na kaɗa.

Daɗin ya yi yawa. Fasinjoji suka dinga durowa suna rawa, wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Wani dattijo da ya rantse ba zai sauka ba sai an dawo masa da ƙafar wandonsa, ya manta, ya sauko yana juyi. Direba ya zira makulli.

Ƙadangaren yana kan kafaɗata. Ban san lokacin da ya hau ba.

"Gaggawar me kake, yaro? Wannan ɗaurin biki ne. Ta biyu daga ƙasa, sassauta ta. Kaɗan. Rabin na ɗazu."

Na sassauta. Muryar ta yi duhu. Ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane suka kifa lema suka tsaya a ciki. Waɗanda suka rage a mota suka koma suka zauna suna sharar hawaye. Wani ya nemi gafarar wanda ke kusa da shi, bai ma san shi ba. Direba ya zare makulli, ya rungume sitiyari.

Lantana ta leƙo. "Sallau, wa ya rasu?"

"Ba kowa."

"To lafiya ka zo ka kafa mana zaman makoki?"

Na tsaya. Wancan yana korar mutane, wannan yana binne su.

"Baba, babu na tsakiya?"

"Akwai. Wannan tsirkiyar dai. Mayar da ita inda take da farko, ka ɗan wuce da ita. Shi ba murna ba ne, ba kuka ba ne. Tambaya yake yi. Amma na gaya maka ba ta son ɗamewa. In ta tsinke ba ni a ciki."

Na murɗa a hankali. Na kaɗa.

Ruwan ya tsaya a iska, bai hau ba, bai sauko ba. Fasinja ta ƙarshe, wata mata mai kwando, ta tsaya ƙafa ɗaya a mota, ɗaya a rataye.

Lantana ta ajiye gyaɗa. "Tambayata kake yi?"

"E."

"Me?"

Na kaɗa.

"Kiɗan na ji. Me yake tambaya?"

Na sake kaɗawa. 'Yan yajin aiki suka matso da kofunan shayinsu suna kallo. Shugabansu ya ce, "A'a, ashe baki ma ya shigo ƙungiya. Barka da zuwa."

Na ga kamar in muryar ta ƙara tashi, za ta gane ba sai na faɗa ba. Na ƙara murɗawa.

"Yaro," in ji ƙadangare.

Na ƙara.

Tsirkiyar ta ce, "To, ni na wuce, a gaida gida." Ta tsinke.

Ruwa ya ci gaba da hawa. Ƙafar mai kwando ta taɓa ƙasa. Direba ya tayar. Bas ta fara tafiya, ni kuma ba yatsu, ba ɗauri, saura baki.

Na bi ta da gudu. Gudun bai kai ni ko'ina ba, ƙasar ce take gudu a ƙarƙashina.

"Lantana! Lantana! Ki ba ni lambarki!"

Ta leƙo. Ta buɗe baki. Abin da ya fito: gurrr, gurrr, gurrr.

Na buɗe ido. Tayoyin akwati ne a kan tsakuwa, a bayan tagata. Gari ya waye tar. Goggo Yalwa tana bakin ƙofa da buta a hannu.

"Tun asuba kake kwarara sunan 'yar mutane, har gidansu an ji. In lambar kake so, ga yarinyar can ƙofar gida da akwatinta, ta tsaya tana dariya. Ka wanke fuska tukuna."