Akushin da Aka Shafa wa Fenti

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ba mai magana ba ce, karatuna ma a aji uku na firamare ya tsaya, a Kazaure. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma babu wanda zan zauna in faɗa wa a gidan nan.

Sunana Raudatu. Yaya Walid ne ya yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, na zo Madina in kula da kakarsa, Kaka Hajo, wadda danginmu ce ta wajen uba. Muna zaune a wani bene a unguwar Sultana, ni da Kaka ɗaki ɗaya, shi da matarsa Rumaisa da 'yarsu Huda a sauran gidan. Kaka ta daina gani. Da hannu take gane abu, ko da hanci.

Tana da wani akushi baƙi wuluk, gefensa ya taɓa tsagewa an ɗinke da waya. Mahaifiyarta ce ta ɗauko shi a ka daga Kazaure, lokacin da suka taso aikin hajji a ƙasa. Shekaru suka yi a hanya. Sun yi wa mutane noma a Cadi, sun ciri auduga a Sudan, a can ma aka haifi Kaka. Yayanta namiji ya rasu a hanya, aka binne shi a garin da babu wanda ya riƙe sunansa. Daga Sawakin suka hau jirgin ruwa, daga baya babanta ya samu aikin gonar dabino a Awali, nan Madina. Kaka ba ta cin tuwo sai a wannan akushin. Kowa a gidan ya sani.

Ita kuwa Huda, shekararta tara, babu abin da take so irin wasu littattafan yara da babanta ya saya mata, fassarar Larabci. Labarin wasu Turawa ne na zamanin da, da suka loda kayansu a amalanke mai rumfar farin ƙyalle suka nufi yamma, suka sare itatuwa suka gina gida. Ban iya karanta Larabci ba, hotuna nake kallo. Wata rana na nuna mata wasu mutane masu gashin tsuntsu a ka, suna tsaye kan tudu suna kallon amalanken.

"Su waye waɗannan?"

Huda tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa, Hala take ce mini, kamar a ce goggo. Ta ce, "Mutanen wurin ne, ya Hala. Ba su cikin labarin."

"To ƙasar ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce. Fili ne kawai, haka littafin ya ce."

Na ce ai ga mutane nan tsaye a kai. Ta ɗaga kafaɗa ta juya shafi.

Sai malamarsu ta ce za su yi wasan kwaikwayon littafin a makaranta, kowace yarinya ta kawo tsohon kayan gida da za a rataya a jikin amalanken kwali. Ranar da ake gobe wasan, na fita karɓo wa Kaka maganin sukari. Ina dawowa warin fenti ya tare ni tun daga ƙofa. Akushin yana kan jarida a tsakar falo, fari fat, an zana masa shuɗayen furanni irin na kwanon cikin hoto. An huda bakinsa an zura igiya.

Na ajiye maganin. Na ce, "Yaya Rumaisa, na Kaka ne fa."

"Na sani mana. Gyara mata shi na yi. Dubi yadda ya fito, da can ko kallonsa mutum ba ya son yi."

"An huda shi."

"To da me za a rataye shi? Raudatu, katako ne. Tsohon katako."

Huda ta ɗauka da murna ta ruga ɗaki, na bi ta. Ta ɗora wa Kaka a cinya tana kiranta kaka da Larabci, "Jadda, taɓa ki ji."

"Balarabiya, me kuma kika kwaso?" Kaka ta faɗa tana dariya. Ta shafa gefensa, ta shafa cikinsa, ta kai hanci. Dariyar ta ɗauke. Ta miƙa mata. "Karɓi abinki. Wannan ba nawa ba ne."

Da magariba na kai mata tuwo a faranti. Ta taɓa bakin farantin ta janye hannu, ta ce ba ta jin yunwa, ta juya fuska bango. Mai ciwon sukari ce, maganinta ba a shan sa ciki babu komai. Na roƙe ta, na ce ko loma biyu. Ta ce, "Inna ta ce ko ranar da suka sayar da jakinsu ba su sayar da shi ba." Na ɗauke farantin.

Na samu Yaya Walid yana danna waya. Kaina a ƙasa na faɗa masa. Ya ce, "Halas, shi ke nan, gobe bayan wasan za a dawo da shi. Ba ta shayi da biskit."

"Ko an dawo da shi ba za ta ci a ciki ba, Yaya. Ta ce ba nata ba ne."

Rumaisa ta leƙo daga kicin. "Tsufa ne kawai. Ke dai ki tsaya kan abin da aka kawo ki yi."

Na gane maganarta. Iƙamata a hannun mijinta take. Na koma ɗaki kamar kullum, ina ta juya abin a raina. Waɗancan na littafin a amalanke suka yi tafiyarsu, a zaune, da rumfa a kansu, aka buga musu littafi har guda nawa, aka zana karensu, aka faɗi sunansa. Huda ta haddace sunan karen. Ba ta san sunan matar da ta tako tun daga Kazaure da goyo da kaya a ka don wata rana a haifi ita Huda a Madina ba. Kuma abu ɗaya da matar ta bari, shi aka mayar kwanon 'yar Bature. Ba yarinyar nake jin haushi ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata, har da ni.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe jakar makarantar Huda na ciro akushin. Na yanke igiyar. Na fasa kwalbar lemo a cikin tsumma, na zauna a tsakar kicin, ban rufe ƙofa ba, na fara kankare fentin da ɓarin kwalbar. Farin yana zuba a zanina, baƙin yana fitowa a hankali.

Ƙarar ta taso Rumaisa. Huda na bayanta da kayan wasan a jikinta, tana ganin abin ta fashe da kuka.

"Kin haukace ne?" in ji Rumaisa. "Yau ne wasan."

Ban daina kankarewa ba. Na ce, "Ga robar wanke shinkafa can, ta tafi da ita."

"Bari Walid ya tashi. Za ki yi masa bayani."

"Zan yi. In komawa ce, ni a jirgin sama zan koma. Mai akushin da ƙafa ta zo, sunanta Dije." Na ɗago na dubi Huda. "Dije. Ki riƙe."

Rumaisa ta ja hannun 'yarta suka fita. Na gama kankarewa, na wanke shi sau da yawa har warin ya tafi, na shafe shi da man shanu. Hudar da aka yi wa bakinsa dai tana nan, babu yadda zan yi da ita. Na zuba ɗumamen tuwon jiya na kai ɗaki.

Kaka ta bi bakin akushin da yatsa, ta wuce wayar, ta tsaya kan hudar. Ta daɗe a wurin. Sannan ta yi bismilla ta gutsuri loma.

"Miyar nan ta yi gishiri," ta ce.

Na zauna a gefenta da maganin a hannu, ina jin Yaya Walid yana kiran sunana daga falo. Ban tashi ba sai da ta cinye.