Dashen Kawu Kimba

Tukwanen tumatir da Ummukulthum ta fesa wa funfuna duk sun kamu. Waɗanda ta fesa wa ruwa zalla suna nan kore shar. Ta jera su a tsakar gida a Illo, ta kira mahaifinta, Malam Na'Allah.

Shekara biyu ke nan ganyen tumatirinsa yana yin tabo mai zobe-zobe, ya bushe tun daga ƙasa, gonar fadama ta tashi a banza. Ummukulthum tana karatun aikin gona. Bana ta tsinki ganye masu tabo, wasu daga gonar, wasu daga kwandon dashen da Kawu Kimba, wan mahaifiyarta, yake kawowa kyauta daga tsallaken iyakar Benin. A ɗakin gwaji na makaranta ta wanke su da magani, ta yanka gefen tabon, ta ɗora a farantin gilashi bisa abincin da aka dafa da dankali. Funfuna iri ɗaya ta tsiro, toka-toka, daga baya ta yi baƙi. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ƙwayoyinta kamar kulki mai gaɓoɓi. Wannan funfunar ce ta fesa wa lafiyayyen tumatir na cikin tukwanen.

Malam Na'Allah ya tsuguna, ya juya ganye ɗaya.

"Wato ciwo kinka ɗauko a kwalba kinka kawo min gida?"

"Dama yana gidan, Baba. Kawu da karan tumatirin bara yake yi wa rainon dashensa inuwa. Daga nan take sauka kan dashen."

"To, malamar gona. Tun da anka ba ni uwarki Kimba bai taɓa fashi ba. In ce mishi mi? Kyautarka ta ruɓe?"

"Ka ce mishi ya ƙone karan, ya sa ciyawa. Wannan karon mu yi namu rainon."

"Ke ba ki san Kimba ba."

"Na san tabon. In ba za ka iya ba, ni zan faɗa mishi."

Ya miƙe, ya kaɗe hannu, ya tafi masallaci. Ita kuwa ta ɗauki fartanya ta tayar da gadon raino a bayan gida, ta zuba sabon iri. Tukunya ɗaya mai tabo ta ajiye a zaure, inda baƙo ke zama.

Kimba ya aiko cewa ranar kasuwa zai iso da kwando biyu. Har yanzu Malam Na'Allah bai ce a ɗauke tukunyar ba, bai kuma ce ba zai karɓi dashen ba.