Man da Ta Goge

Matar Sakatare mace ce mai tsafta har ta wuce misali. Ko bayan firji sai ta leƙa da tsumma. Mijinta yakan ce da ana wanke iska, da tuni ta wanke ta ta shanya. Shi kuwa ba sakataren kowa ba ne, takardu yake buga wa mutane a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu: wasiƙar neman aiki, takardar haya, rubutun ɗalibai na ƙarshen karatu. Tun yana da keken rubutu sunan ya bi shi, har ya sayi kwamfuta, wani ƙaton akwati da ke zaune a ƙarƙashin tebur.

Doka ɗaya ya kafa mata a ɗakin. "Ki share ko'ina, amma akwatin nan ki bar mini shi da ƙurarsa."

Kwamfutar ta tsufa. Sai ya kunna ta, ya yi wanka, ya sha shayi, ya dawo ya tarar tana miƙa. Amininsa Injiniya, mai shagon gyara a layin masu waya, wanda suka yi shekara ashirin da biyu tare, shi ya ce kada a yar da ita, a canza mata 'yan kayan ciki ta koma yarinya.

Ranar wata Asabar da hantsi ya zo da jakarsa. Matar Sakatare ta kawo musu shayi, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallo. Ya kwance murfin gefe, ya murɗa wasu filoli huɗu na roba, ya ɗaga fankar ciki tare da ƙarfen da take zaune a kai. Ya nuna musu wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, ko tafin hannun jariri bai kai ba.

"Wannan shi ne furosesa, ƙwaƙwalwarta ke nan. Ta gaji kamar ta mai ita."

"Taka dai," in ji Sakatare.

"Ga sabo na kawo, ga kuma ram, don ta riƙa riƙe aiki da yawa. Sanda biyu take so, ɗaya na samu, ɗayar tana hanya."

A nan matar Sakatare ta jiyo ƙauri daga kicin, ta ruga. Ko da ta dawo, har Injiniya yana danna filolin nan huɗu a mazauninsu. Farkon aikin ta gani, ƙarshensa ta gani, tsakiyar ce ta wuce ta. Ya ce a bar murfin a buɗe 'yan kwanaki a ga lafiyarta.

Kwana biyu kwamfuta tana gudu kamar an biyo ta. A rana ta uku Sakatare ya fita sayen takarda. Matarsa tana shara ta durƙusa, sai idonta ya faɗa kan wani abu ruwan toka da ya ɓullo ta gefen ƙarfen fankar, kamar kashin tsaka.

"Ka ji maza," ta ce a ranta. "Sabon abu, sun ɗora shi a kan ƙazanta."

Ta zare wayar wuta, wannan kam ta sani. Ta murɗa filolin yadda ta ga an yi, ta ɗaga ƙarfen. Sama da ƙasa duk abin ya dame. Ta sa ɗan tsummanta ruwan ɗorawa ta goge, ta sake gogewa, har sai da ta ga fuskarta a jikin furosesan. Ta mayar da komai daidai. Har tana shirya yadda za ta tsokane su da maganar.

Da la'asar Sakatare yana tsakiyar aikin wata ɗaliba, fanka ta ɗauki gurnani, allo ya yi baƙi. Shafi goma sha ɗaya suka tafi. Ya sake kunnawa, ta yi kwata ɗaya na awa ta mutu. Ya sake, haka. Yarinyar ta kwashe takardunta tana hawaye.

Ya kira Injiniya a waya, sannan ya shigo cikin gida yana huci.

"Wai ko man zafi ne ya yi kaɗan. Wane kaɗan? Da idona na ga ya matsa shi daga sirinji, ruwan toka, har yana cewa in babu shi ƙwaƙwalwar dahuwa za ta yi. Kame-kame ne kawai."

Faranti ne a hannunta. Sai a lokacin ta gane abin da ta goge. Ta buɗe baki, ta dubi jijiyar da ta tashi a goshinsa, ta rufe. Ta ce a ranta sai gobe, in ya huce.

Goben ba ta zo da sauƙi ba. Wani mai buga takardu ya hure masa kunne, wai haka masu gyara suke yi, su goge tsohon furosesa su sa shi a sabon kwali. Sakatare bai yi shawara da kowa ba, ya je shagon, ya tsaya a bakin ƙofa gaban Mai Caji, mai cajin wayoyi da ke maƙwabtaka, da duk 'yan layin, ya ce, "Ka sa mini tsoho ka ce sabo. Ni za ka yi wa haka?" Injiniya ya ce a kawo kwamfutar ya duba. Sakatare ya rantse hannunsa ba zai ƙara taɓa ta ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, 'yan layi sun laƙaba masa Injiniya Sabon-Tsoho, masu kawo gyara suka fara wuce ƙofarsa. Ita kuma kullum abin ƙara nauyi yake. Ranar farko tsoron faɗa ne ya hana ta, daga baya kuma ta rasa bakin da za ta ce masa ya ci mutuncin amininsa a kan tsummanta. Sakatare ya mayar da murfin, ya lulluɓe akwatin da mayafin tebur, ya sauko da tsohon keken rubutu. Kowane ƙwas da ta ji daga ɗakin nan, a ƙirjinta yake sauka.

Wata biyar a haka. Sai ciwo ya kwantar da shi, kwana tara. A asibiti sau biyu tana cewa, "Baban Auta," in ya juyo sai ta ce, "ko za ka sha ruwa?" Ya rasu bai sani ba. Injiniya ya zo gaisuwa, ya zauna can gefe, ya tashi ko ruwa bai sha ba.

Bayan wasu watanni 'yarsu Auta ta samu aikin buga wa wata makaranta takardun jarrabawa daga gida. Ta yaye mayafin da ke kan akwatin ta ce, "Mama, mu kai ta a gyara. Amma ba wurin wancan macucin ba."

Kalmar nan a bakin 'yar da Injiniya ya goya a wuyansa tana ƙarama, ita ta ƙarasa matar Sakatare. Ta ɗauki mayafi ta ce, "Wurinsa za mu."

Shagon ya yi shiru, ƙura a kan kanta, matattun kwamfutoci jere a bango. Injiniya ya rame. Da ya gan su ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Matar yaya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Injiniya. Ga ta nan, ka duba."

Ya karɓi akwatin. Ya kwance murfin, ya murɗa filolin, ya ɗaga ƙarfen. Furosesa yana sheƙi kamar sabon cokali. A jikin fil ɗaya, ɗan zare ruwan ɗorawa ya maƙale. Ya cire shi da farce, ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin tsumman nan a hannunta, da shi take goge masa kujera kafin ya zauna. Ya dube ta, ya dubi Auta, sai ya tura zaren cikin aljihu.

"Man ne ya bushe," ya ce a hankali. "Yakan yi haka."

Ta san ƙarya yake yi don ya rufa mata asiri. Ga ƙofa ya buɗe mata, sai dai ta bi ta fice, Auta ba za ta taɓa sani ba. Amma sai ta ce, "Auta, kira mini Mai Caji."

Mai Caji ya shigo da wayoyi a wuya kamar mai tallan igiya, mutum biyu suka leƙo a bayansa.

"Ranar da maigidana ya zo nan kana wurin?"

"Ina nan, Mama."

"To ka ji, ka kuma faɗa wa 'yan layi. Mutumin nan sabo ya sa. Ni ce na buɗe, na ga man na zaci datti ne, na goge shi tas. Tun ranar na sani, na yi shiru. Na bar mijina ya zage shi, na bar ku kuna yi masa suna."

"Mama!" in ji Auta, ta dafe baki.

Mai Caji ya sosa ƙeya. "Kai! Garin gyaran gira. Wallahi ni ma da bakina a sunan nan, Injiniya." Ya juya kan masu leƙe. "Kun ji dai da kunnenku, ku wuce ku faɗa."

Injiniya bai ɗago ba. Can ya ce, "Sunan bai dame ni kamar yadda kike zato ba. Shi dai, ya tafi yana ganin na cuce shi."

Ta tsaya ta shanye maganar, hawaye na bin haɓarta.

Ya ja durowa ya ɗauko wata 'yar leda. Sandar ram ce, da takarda a manne an rubuta "na Sakatare". "Mako ɗaya bayan faɗan ta iso," ya ce, ya danna ta kusa da 'yar'uwarta har ta yi ƙas. Sannan ya ɗauko sirinjin ya miƙa mata.

"Ke kika goge, ke za ki mayar. Kamar ƙwayar wake, a tsakiya. Kada ki shafa, ƙarfen zai baje shi."

Ta matsa. Ya ɗan yi yawa. Da ya danna ƙarfen, toka-tokar ta ɓullo ta gefe, daidai yadda ta fara ganinta. Yatsunta suka motsa da kansu, ta dunƙule su cikin mayafi.

Ya haɗa wayoyi ya kunna. Ya tura mata kujera, ta zauna tana kallon agogon bango. Kwata ɗaya ta wuce, fanka tana juyawa a hankali. Rabin awa ta wuce. Auta ta matso kusa da kanta, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na kira ka."

"Me kika kira ni?"

"Gara kada ka ji."

Ya ɗan murmusa, na farko tun shigowarsu. Ya ɗauki murfin zai ɗaura, sai ya tsaya ya dubi matar amininsa.

"Sukurori huɗu zan sa mata, matar yaya, in ɗaure tamau."

"Sa shida," ta ce.